Wa Makaranta Ke Tsayarwa? Yadda Ake Zaɓen Ɗaliban Tallafin Karatu a Amurka

A Amurka tallafin karatun jami'a iri biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa saboda buƙata, inda ake duba abin da iyaye ke samu a shekara a ɗauke musu abin da ya fi ƙarfinsu. Akwai kuma wanda ake bayarwa saboda cancanta, wato hazaƙar ɗalibi da halinsa da abin da ya taɓuka, ko ɗan talaka ne ko ɗan mai hali. Jami'o'i takwas ɗin nan da ake kira Ivy League, irin su Harvard da Yale da Princeton, ba sa ba da na cancanta ko kaɗan, nasu duka na buƙata ne. Tallafin cancanta yana fitowa ne daga jami'o'in jihohi, da jami'o'i masu zaman kansu da ke zawarcin haziƙan yara, da gwamnatocin wasu jihohi, da gidauniyoyi da kamfanoni. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, domin akwai jami'o'in da shekara ɗaya a cikinsu, haɗe da ɗakin kwana da abinci, take haura dala 80,000.

Masu ba da kuɗin ba su san yaran ba. Makarantar sakandare ce ta zauna da su shekara huɗu, daga aji na 9 zuwa aji na 12, saboda haka ita ake tambaya. Ita ke riƙe da takardar sakamako, ita ke jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ita ke tsayar da ɗan takara idan an ce ta kawo mutum ɗaya, kuma ita ke rubuta shaida a kansa. Matashin da ke hangen irin wannan tallafi ya kamata ya san cewa ba ranar cike fom ake zaɓensa ba. Kafin ranar ta zo an riga an rubuta mafi yawan abin da za a karanta a kansa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne matsakaicin maki, wanda suke kira GPA. Kowane darasi da ɗalibi ya ɗauka ana ba shi harafi, harafin kuma a mayar da shi lamba: A maki 4 ne, B maki 3, C maki 2, D maki 1. Sai a tara a raba da yawan darussa. Wanda bai taɓa sauka daga A ba yana da 4.0. Lissafin yana farawa ne tun zangon farko na aji na 9, lokacin da yaro yake ɗan shekara 14, bai ma gama sanin hanyar ɗakin karatu ba. Sakacin wannan shekara yana bin mutum har ranar yaye ɗalibai, domin matsakaici ba ya mantuwa. Ana iya farfaɗowa, kuma masu tantancewa suna ganin ƙimar ɗalibin da sakamakonsa ke hawa shekara bayan shekara, amma a gasar da tazarar na ɗaya da na biyu ba ta wuce ɗigo ba, C guda ɗaya tana iya raba gardama.

Da yake darussa ba nauyinsu ɗaya ba, makarantu da yawa suna ƙara wa masu wuya maki. Akwai darussan AP, waɗanda hukumar College Board ke tsarawa a matakin shekarar farko ta jami'a, da kuma na tsarin IB. A makarantar da ke ƙarin maki, A a darasin AP maki 5 ne, B kuma maki 4. A ɗauki ɗalibai biyu, kowanne da darasi shida. Na farko ya zaɓi masu sauƙi ya cinye A a dukkansu, ya tashi da 4.0. Ta biyu ta ɗauki AP huɗu, ta sami A a biyu da B a biyu, sannan A a sauran darussa biyu na gama-gari. Jimillarta 26, matsakaicinta 4.33. Ita ce a gaba, duk da B biyu da ke takardarta. Ban da wannan, a fom ɗin da makaranta ke cikewa akwai gurbin da ake tambayar jami'in ba da shawara na makarantar ko darussan da ɗalibi ya zaɓa suna cikin mafi tsauri da makarantar ke koyarwa. Gudun darasi mai wuya don kare maki dabara ce da masu tantancewa suka daɗe da ganowa.

Tsarin yana da nasa karkatar. Ɗalibin da ya ɗauki AP biyar ya ci A a duka yana da 5.0. Idan ya ƙara darasin zane ko na waƙa don sha'awa, ya kuma ci A, matsakaicinsa zai sauko zuwa 4.83, alhali aiki ya ƙara. Shi ya sa ake samun yaran da ke ƙaurace wa darasin da suke so don kada abokin gasa ya wuce su. Wannan asara ce, kuma tana cikin dalilan da suka sa makarantu da dama suka daina jera ɗalibai gaba ɗaya. Wani dalilin shi ne, a makarantar da haziƙai suka yi yawa, yaro mai 3.9 yana iya samun kansa a tsakiyar jeri, abin da zai sa a raina shi a waje.

Inda jerin yake aiki kuwa, kuɗi ne tsagwaronsa. A jihar Texas, ɗalibin da ya zo na ɗaya a kowace makarantar sakandare da gwamnati ta amince da ita ana yafe masa kuɗin karatu na shekarar farko a jami'o'in gwamnatin jihar, kuma makarantar ce ke ba da takardar shaidar cewa shi ne. A jihar ce kuma aka yi doka a 1997, zamanin Gwamna George W. Bush, wadda ta ba duk wanda ya shiga kashi 10 cikin 100 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in jihar. Daga baya Jami'ar Texas da ke Austin ta cika ta batse, aka ba ta izinin matse adadin ya koma ƙasa da haka. Hikimar dokar ita ce, da 'yan ajinsa ake gwada yaro. Ɗan makarantar ƙauye ba sai ya kayar da ɗan unguwar masu kuɗi a Dallas ba, na kusa da shi kawai zai wuce.

Jihar Georgia ta bi wata hanyar. A 1993 Gwamna Zell Miller ya ƙaddamar da tallafin HOPE, wanda ake biya daga ribar cacar da jihar ke gudanarwa, ga ɗan jihar da ya gama sakandare da matsakaicin 3.0. A 2011 aka ƙara mataki na sama mai ɗauke da sunan gwamnan, wanda ke biyan cikakken kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, sharaɗinsa 3.7 tare da maki 1200 a jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko kwatankwacinsa a ta ACT. Wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a makarantarsa yana da tasa ƙofar ta shiga wannan mataki. Abin lura a nan shi ne, jihar ba ta karɓar matsakaicin da makaranta ta lissafa. Hukumarta ce ke sake lissafi da kanta daga manyan darussa kawai, irin su Turanci da lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa da harsunan waje. Dalilin a fili yake. Duk inda aka ɗaura kuɗi a kan maki, malami yana shiga matsin lambar iyaye, maki kuma ya fara kumbura.

Babbar gasa ta ƙasa baki ɗaya ita ce National Merit, wadda wata hukuma mai zaman kanta da ke Evanston a jihar Illinois ke gudanarwa tun 1955. Ƙofar shigarta jarrabawa ɗaya ce, PSAT, da ake yi a watan Oktoba na aji na 11, a cikin makaranta. Yara fiye da miliyan ɗaya ke shiga kowace shekara. Daga cikinsu ake ware kimanin 50,000 mafi maki. Wajen 34,000 suna samun takardar yabo kawai, babu kuɗi. Sauran 16,000 su ne ke zuwa zagayen kusa da na ƙarshe, a sanar da sunayensu a watan Satumba na aji na 12. Kimanin 15,000 ke kaiwa zagayen ƙarshe a watan Fabrairu, kuma kusan rabinsu ke samun kuɗi. Kyautar hukumar kanta dala 2,500 ce sau ɗaya. Abin da ya sa ake rububin gasar shi ne, akwai jami'o'in da ke ba wanda ya kai zagayen ƙarshe cikakken kuɗin karatu, wasu har da ɗakin kwana, don su ja shi wurinsu.

Yadda ake lissafin makin gasar yana da wani sirri da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Jarrabawar kashi biyu ce, karatu da rubutu a gefe ɗaya, lissafi a ɗaya gefen, kowanne daga 160 zuwa 760. Ana ninka makin karatu da rubutu sau biyu, a haɗa da na lissafi, a raba da 10. Yaron da ya sami 720 a Turanci da 700 a lissafi yana da 214. Wanda ya sami 680 a Turanci da 760 a lissafi, wato bai bar komai ba a lissafin, yana da 212, duk da jimillarsa ta fi ta wancan. Turanci ya ninka lissafi nauyi. Wannan ya shafi 'ya'yan baƙi kai tsaye, ciki har da 'ya'yan Hausawan Gana da ke Bronx a birnin New York da na 'yan Nijar da ke Greensboro a Carolina ta Arewa, waɗanda Turancin littafi kan iya ja musu baya. Maganinsa karatun littattafai masu nauyi tun daga aji na 9. Haddar kalmomi ana saura mako biyu jarrabawa ba ta cike wannan giɓi.

Haka kuma, ba maki ɗaya ake nema a ko'ina ba. Ana raba guraben 16,000 ɗin ga jihohi gwargwadon yawan ɗaliban da kowace ke yayewa, don haka makin tsallakewa a New Jersey ko Massachusetts ya fi na Wyoming ko West Virginia da fiye da maki goma. Yara biyu masu maki ɗaya, wani ya wuce, wani ya tsaya a takardar yabo, bambancinsu adireshi kawai.

Ko a wannan gasa da ta fara da jarrabawa, ba a tsallake makaranta. Ta hannun shugaban makaranta hukumar ke aiko da sanarwa. Kafin ɗalibi ya kai zagayen ƙarshe sai makaranta ta aika da sakamakonsa na duk shekarun, wani jami'inta ya rubuta shaida ya kuma sa hannu cewa makarantar ta tsaya masa, shi kuma ya rubuta maƙala a kan kansa, ya tabbatar da makinsa da SAT ko ACT. A ƙarshen 2022 aka yi ta cece-kuce a jihar Virginia bayan ta bayyana cewa wasu makarantu sun yi jinkirin miƙa wa ɗalibai takardun yabonsu har wa'adin farko na neman jami'a ya wuce, lamarin da ya kai babban lauyan jihar ya buɗe bincike. Ɗalibi ba zai zauna jiran a kira shi ba. Ya san watan da sakamako ke fitowa, ya je ofis ya tambaya cikin ladabi.

Inda ikon makaranta ya fi ƙarfi shi ne tallafin da ke buƙatar a tsayar da mutum. Gidauniyar Jefferson Scholars, wadda aka kafa a 1980 don Jami'ar Virginia, tana gayyatar makarantu su kawo ɗan takara, galibi mutum ɗaya daga cikin ɗaruruwan 'yan ajin ƙarshe, tana auna su da ilimi da shugabanci da hidimar jama'a. Tallafin Morehead-Cain na Jami'ar Carolina ta Arewa da ke Chapel Hill, wanda aka kwaikwayo daga tallafin Rhodes na Oxford a Ingila, ya daɗe yana dogara da makarantu wajen tsayar da 'yan takara, ma'aunansa kuma huɗu ne: shugabanci, nagartar hali, ilimi da kuzarin jiki. Dukansu biyu suna ɗaukar nauyin shekara huɗu cif. Gidauniyar Posse, wadda Deborah Bial ta kafa a New York a 1989, tana karɓar sunaye daga makarantu da ƙungiyoyin unguwa, ta tara yaran a babban zaure ta ba su ayyukan haɗin gwiwa tana kallon yadda kowa ke mu'amala, daga ƙarshe ta tura su jami'a a rukunin mutum goma-goma don su riƙa tallafar juna.

A cikin makaranta, zaɓen yakan kasance a hannun ƙaramin kwamiti: jami'in ba da shawara, da wasu malamai, wani lokaci da shugaban makaranta ko mataimakinsa. A kan tebur akwai sunaye biyar ko goma, kuma dukkansu makinsu ya kai. Daga nan maki ya gama aikinsa. Tambayar da ta rage ita ce wane ne a cikinsu za a iya ba da labarinsa. Sunan da malami ya ji ya ce yaron kirki ne, ba ya magana, ba ya rigima, sannan ya yi shiru, yakan faɗi a zagayen farko. Sunan da ke tsayawa shi ne wanda wata malama za ta ce ita ce yarinyar da ta ga 'yan aji na 9 suna faɗuwa lissafi, ta nemi a ba ta aji ranar Laraba da yamma, ta kuma riƙe shi shekara biyu ba fashi. Ba lallai ne na ɗaya a aji ya zama ɗan takara ba, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Kwamitin yana tunanin wanda zai iya zama gaban baƙi a yi masa tambayoyi ya fitar da makarantar kunya. Laifin satar amsa kuwa, ko da sau ɗaya ne, yakan isa a ajiye suna gefe ba tare da dogon zance ba.

Dogon jerin ƙungiyoyi ba ya burge kowa. Fom ɗin Common App, wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke karɓa, yana da gurbin ayyuka goma ne kawai, kuma abu biyu da aka daɗe a kansu aka bar alama sun fi goma da aka leƙa. A cikin abubuwan da fom ɗin ya amince da su akwai aikin neman kuɗi da ɗawainiyar gida. Yarinyar da ke rainon ƙannenta uku kullum har uwarta ta dawo daga aikin dare, da yaron da ke tsare shagon mahaifinsa Asabar da Lahadi ko yake koyar da ƙanana a Islamiyya, suna da abin rubutawa. Matsalar ita ce yaron da ya tashi yana jin cewa yabon kai jahilci ne yakan ga waɗannan ba abin faɗa ba ne. Kafin a rubuta wa ɗalibi shaida, makarantu da yawa suna ba shi takarda ya zayyana abin da ya yi, wani lokaci har iyaye ma a ba su tasu. Wanda ya bar ta fayau saboda kunya ya bar malaminsa ba abin kamawa. Faɗin abin da aka yi, da ranarsa da adadinsa, ba tare da ƙari ba, bayani ne, kuma kawaici a wannan wuri cutar kai ne.

Wasiƙar shaida iri biyu ce, ta jami'in ba da shawara da ta malaman darasi, yawanci waɗanda suka koyar da ɗalibi a aji na 11. Tare da wasiƙar malami akwai jadawalin da yake sa alama: ɗalibin nan matsakaici ne, ko yana cikin kashi 10 na sama, ko kashi 5, ko kuwa yana cikin 'yan ƙalilan da malamin ya taɓa gani a duk aikinsa. Wata doka ta 1974 ta ba ɗalibi damar ganin irin waɗannan takardu, amma ana tambayarsa ko ya yafe wannan dama, kuma yafewar ta fi, domin masu karatu sun fi gaskata wasiƙar da aka rubuta a sirrance. Malamin da ya dace a roƙa ba lallai ne wanda ya ba da maki mafi yawa ba. Wanda ya ga ɗalibi ya faɗi gwajin farko, ya dawo yana tambaya, ya gyara, shi ke da abin cewa. A roƙe shi da wuri, tun kafin hutun ƙarshen aji na 11 in da hali, domin wa'adin manyan tallafi yana faɗowa ne tsakanin Oktoba da Disamba, kuma a lokacin malami ɗaya yana iya samun roƙo talatin a gabansa.

Ba za a ce wannan tsari adalci ne zalla ba. Ƙungiyar jami'an ba da shawara ta Amurka ta ce kamata ya yi kowane jami'i ya riƙe ɗalibi 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350, a wasu jihohi ma ya zarce haka nesa, alhali a makarantun kuɗi jami'i ɗaya yana iya riƙe 'yan ajin ƙarshe ƙalilan ya san kowa da iyayensa. Wata makarantar tana koyar da AP ashirin, wata biyu kacal. Mai uwa a gindin murhu a can ma ba ya cin tuwonsa gaya. Abin da ke rage kaifin wannan shi ne takardar bayanin makaranta da ake haɗawa da kowane sakamako, mai nuna yawan ɗalibai da darussan da ake da su da yadda maki ya rarrabu, don a auna yaro da abin da ya samu a gabansa. Ga ɗalibin da ke makarantar da jami'i ɗaya ke fama da ɗaruruwa, mafita ɗaya ce: ya kai kansa tun aji na 9 ko na 10, ya faɗi sunansa da burinsa, ya riƙa komawa. Bayan an ci tallafin ma ba a gama ba, domin makaranta tana aika sakamakon tsakiyar shekara da na ƙarshe, kuma jami'a tana da ikon janye tayinta idan maki ya zube.

Ɗalibin da ke Kano ko Zariya ko Damagaram ba ya cikin National Merit sai in yana da takardar zama ɗan Amurka ko izinin zama na dindindin a can, HOPE kuma ta mazauna Georgia ce. Amma tallafin cancanta na jami'o'i da dama a buɗe yake ga 'yan ƙasashen waje, kuma takardun da za a nema daga makarantarsa su ne waɗannan dai: sakamakon kowane zango na shekarun sakandare, ba na WAEC ko NECO kaɗai ba, da bayanin makaranta, da wasiƙun malamai. A nan ne haziƙai da yawa ke tuntuɓe. Takardar shaidar da aka saba bayarwa ranar sallama, mai layi uku da ke cewa ɗalibi mai ladabi ne da biyayya, ba ta ɗaukar kowa zuwa ko'ina a wannan gasa. Wanda ke da wannan buri ya sami shugaban makarantarsa tun yana SS2, ya tabbatar sakamakonsa na kowane zango yana nan a ajiye, ya zaɓi malamai biyu ya bayyana musu irin wasiƙar da ake so, mai misalai da kwatanci da sauran 'yan aji. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas da Accra suna ba da shawara a kan wannan, kuma ya kamata a tambaye su halin da dokokin biza ke ciki kafin a kashe kuɗi a kan jarrabawa, domin dokokin suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Duk wanda ya ce a biya shi ya samo wa ɗalibi ɗaya daga cikin waɗannan tallafi, ɗan damfara ne.